Wata shida kafin a ba ni makulli

Ranar da na gaya wa Umma na cike takardar neman aikin gidan yari, tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gandiroba? Duk karatun nan da ka yi?"

Na ce mata ai yanzu an daina cewa haka, jami'in gidan gyaran hali ake cewa. Ta ce to Allah ya gyara halin, ita dai abin da ta ji a rediyo shi ne an fasa na Kuje. Kuma gaskiyarta. A daren 5 ga Yulin 2022 mahara suka afka wa gidan yarin Kuje da ke Abuja, fiye da mutum 800 suka tsere. Kafin nan, a Afrilun 2021, an yi irinsa a Owerri, waɗanda suka fice suka haura 1,800. Uwar da ta ji wannan ba za ta rangaɗa guɗa don ɗanta zai sa wannan kakin ba. Ni kuwa a lokacin shekarata uku da gama NCE, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ko ashirin ga wata ba ya kai ni. In faɗi gaskiya, ba sha'awar aikin ce ta ja ni ba. Aikin gwamnatin tarayya nake nema, mai fansho, kowane iri ne.

Umma ta ce in je in ga Kawu. Yayanta ne, ya yi shekara 35 a wannan aiki kafin ya yi ritaya. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, ya jingina rediyonsa da bango. Ya fara da tarihi, kamar yadda ya saba. Ya ce Yari sarauta ce a fada, shi ke tsare duk wanda alƙali ya ɗaure, daga sunansa aka samo gidan yari. En'e ce ke riƙe da gidajen a Arewa har zuwa 1968, lokacin da gwamnatin tarayya ta haɗe su duka a hannunta. "Mu mun shiga ana ce mana gandiroba, mun fita ana ce mana gandiroba. Ku an canza muku suna a 2019. Ƙofar dai ita ce."

Sai ya yi mini tambaya biyu. Ta farko: "Ka iya ƙirga?"

Na yi dariya. "Kawu, lissafi fa nake koyarwa."

"Ni ban ce lissafi ba. Ƙirga na ce."

Ta biyu: "Za ka iya ce wa sa'an ubanka a'a, yana kuka a gabanka?" Wannan ban amsa ba, shi ma bai jira amsa ba, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Neman aikin ta intanet ake yi, ta shafin hukumar da ake kira CDCFIB, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ita ke ɗaukar ma'aikata wa hukumomi huɗu: sibil difens, gidajen gyaran hali, 'yan kwana-kwana, da shige da fice. Mutum ɗaya, hukuma ɗaya zai zaɓa. A shagon intanet ɗin da na je, cikin samarin da ke layi kusan kowa shige da fice yake so, ko sibil difens. Da na ce gidan gyaran hali, mai shagon ya waiwayo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai dai ka san inda layi ya fi gajarta."

Takardar da mutum yake da ita ce ke yanke masa matakin da zai shiga. Mai digiri yana shiga layin sufuritanda, mataki na 8. Mai NCE ko ƙaramar difloma, irina, mataimakin sufeto ne, mataki na 6. Mai takardar sakandare yana farawa daga can ƙasa, mataki na 3 ko na 4. Sai sharuɗɗan da suka hau kan kowa: ɗan Najeriya ta haihuwa, wanda ya kai shekara 18, mai lambar NIN, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da takardar lafiya daga asibitin gwamnati. Kada a taɓa ɗaure shi, kada ya zama ɗan ƙungiyar asiri, kada ya zama mai shaye-shaye. Tsawo kada ya gaza mita 1.65 ga namiji, 1.60 ga mace, ƙirjin namiji kuma ya kai 0.87. Shekarun da ba a son a wuce, wannan sai mutum ya karanta sanarwar zangonsa da kyau, don ba kullum suke zama ɗaya ba.

Inda na fara cin tuntuɓe shi ne sunana. A takardar sakandare an rubuta shi da wani salo, a NIN da wani, harafi biyu kacal suka bambanta. A gida ba wanda zai ce ba mutum ɗaya ba ne, amma kwamfuta ba ta san wannan ba. Sai da na yi sati biyu ina zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin gyaran bayanai kafin su daidaita. Duk wanda ke da niyyar nema, ya zauna tun yau ya jera takardunsa a tabarma ya duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba a biyan ko kwabo wajen cikewa, sai kuɗin mai shago. Amma kwana kaɗan bayan na cike, wani ya kira ni a waya, da murya irin ta manya, ya san sunana, ya san har hukumar da na zaɓa. Ya ce akwai gurbi a hannun wani yallaɓai a Abuja, dubu 400 ne, in ba da rabi yanzu, rabi in takarda ta fito. Zuciyata ta motsa, ba zan ɓoye ba. Har na fara lissafin babur ɗina nawa zai yi a kasuwa. Na je na gaya wa Kawu, ya ce, "Wanda ya sayi kaki, fursuna zai sayar wa." Na kashe maganar. Wani abokina da bai da kawu irin nawa ya tura, har yau lambar a kashe take.

Bayan watanni sunana ya fito cikin waɗanda za su rubuta jarrabawar kwamfuta. Turanci, lissafi, da sanin abin da ƙasa ke ciki. Tambayoyin ba su da wuyar a zo a gani, lokacin ne ke gudu kamar ana korarsa. Wanda ke gefena bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar, ina jin yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Tantancewar jiki ita ce ranar da ba na mantawa. Tun da asuba muka cika fili, farar riga da gajeren wando, kowa rungume da fayil. Aka sa mu cire takalma. Ana duba ƙafa ko da gwame, a sa ka miƙe hannuwa, ka buɗe yatsu, ka karanta haruffa daga nesa, a duba jiki ko da zane, a zagaya maka tef a ƙirji kamar wajen tela. A gabana akwai wani yaro, ɗan ƙauye da ganinsa, takardunsa tsaf a cikin leda. Ya tara suma ya taje ta sama, kowa ya gane dalili. Ya tsaya jikin sandar awo, yana ɗan ɗaga dunduniya. Mai awon ya taka masa yatsun ƙafa a hankali, ya sauko da katakon ya danne sumar nan har ya taɓa ƙoƙon kai. Ya faɗi lamba. Santimita ɗaya ta rage. Yaron ya ce, "Yallaɓai, a sake dubawa don Allah." Aka sake. Ita ce dai. Ya ɗauki silifas ɗinsa a hannu, bai ko tsaya sawa ba, ya bi ta bakin ƙofa. Da aka zo kaina na tsaya ƙyam kamar an kafa ni, 1.69, amma sai da na zauna na ji gwiwoyina na rawa.

Daga nan sai jira. Ana rarraba guraben ne bisa jihohi, don kowace ta samu kasonta, saboda haka cin jarrabawa kaɗai bai isa a ce ka samu ba. Na koma aji ina koyar da jadawalin sau, kullum da dare ina leƙa shafin. Ranar da na ga an taya ni murna, sai da na ba ƙanwata wayar ta karanta mini, don ban yarda da idona ba.

Hukumar na da makarantun horo a Kaduna, da Kirikiri a Legas, da Enugu. Akwai ta rundunar masu ɗauke da makamai a Owerri, da babbar makaranta a Ijebu-Igbo ta jihar Ogun, sai kwalejin manyan jami'ai a Barnawa cikin Kaduna. Ɗaya daga cikinsu aka tura ni, horon wata shida.

Tarbar da aka yi mana tun daga bakin get ta ishe ni bayani. Akwati a ka, tsallen kwaɗo har ɗakin kwana. Kafin magariba an yi wa kowa aski ƙwal kwabo, har ka rasa gane wanda kuka shigo mota ɗaya da shi. Aka ba kowa lamba, daga ranar sunanka ya tafi hutu. Mu da za mu je mu tsare mutanen da aka raba da kayansu aka ƙirga su, da mu aka fara. Ban sani ba ko da gangan aka tsara haka, amma daga baya na gode da aka yi.

Ana busa begila duhu bai washe ba. Sallah, gudu ana waƙa, shara da yankan ciyawa, wanka a gurguje, shayi, sannan fareti har rana ta take. Malamin faretinmu gajere ne mai muryar da ta fi shi girma, da Turancin buroka yake ba da umarni, in ransa ya ɓaci ya juye zuwa Hausar bariki. Ni matsalata hannu da ƙafa: in na ɗaga ƙafar hagu, hannun hagu ke binta. Sati uku ina shan gwale-gwale a kan wannan. In mutum ɗaya ya yi kuskure, duk sahun ke kwanciya a ƙasa, don haka da dare 'yan ɗakinmu suka riƙa fita da ni bayan ɗaki suna ƙirga mini lef, rai, lef, rai, ba don suna ƙaunata ba. Wanda ke gadon sama da ni ɗan Kuros Riba ne. Shi ya koya mini goge but da ɗigon ruwa da auduga har ka ga haƙoranka a ciki, ni kuma na koya masa gaisuwa. Har muka rabu "ina kwana" yake ce wa mutane ko da la'asar ne.

An koya mana bindiga, kwancewa da haɗawa da harbi, an koya mana kare kai hannu da hannu, da yadda ake jeruwa a kwantar da tarzoma. Samari sun fi ɗokin wannan. Sai wani malami ya zuba mana ruwan sanyi: a cikin farfajiyar gidan yari ba a yawo da bindiga. Masu makami suna waje, a katanga da hasumiya da rakiyar kotu. Kai da ke ciki, tsakiyar ɗaruruwan mutane, abin da ke hannunka usur ne da biro da bakinka. Dalilin a fili yake, bindigar da ta shiga ciki ta zama ta wanda ya fi ƙarfin ƙwace ta. Haka makulli. Ba a ajiye shi a tebur, ba a miƙa wa fursuna ko da na minti ɗaya ne, ba a kaɗa shi a fili inda ido zai haddace haƙoransa. Ƙofa biyu na get ba sa buɗuwa lokaci guda, sai an rufe ɗaya ake buɗe ɗaya. In ka datse kwaɗo, ka ja shi sau biyu.

Ajin bincike ya fi kowane zama a raina. Malamin tsohon ma'aikaci ne da ya ƙare rabin rayuwarsa a bakin get. Ya shirya wani ɗaki kamar na fursunoni, tabarma, bokiti, bargo, burodi, sabulu, silifas, wando rataye a ƙusa, da ɗan littafin addu'o'i a kan taga. Ya ce ya ɓoye abu bakwai, minti goma gare ni. Na tsaga burodi na samu ƙwayoyi a leda. Na bi ƙubakar wando da yatsa na zaro kuɗi a nannaɗe kamar sigari. Na lanƙwasa silifas, reza ta leƙo. Na samu cokalin da aka wasa gindinsa a ƙarƙashin bokiti, da igiyar da aka tufka daga zaren bargo. Biyar. Lokaci ya cika. Ya ɗauki sabulun ya karya shi gida biyu, ga layin waya a tsakiya, an huda an cusa an shafe bakin da ruwa. Sannan ya ɗauko littafin addu'ar nan da na tsallake, ya buɗe bangon baya, ya zaro tsinken zarto siriri.

"Me ya hana ka taɓa shi?"

"Yallaɓai, na ga littafin addini ne."

"Shi ma wanda ya ɓoye ya san haka za ka gani." Ya rufe littafin, ya share masa ƙura da hannun rigarsa, ya mayar inda yake. "Da ladabi za ka buɗe, hannu biyu, a gaban mai shi. Amma za ka buɗe. Kuma in ka gama binciken ɗaki, ka mayar wa mutum kayansa yadda ka same su. Wannan tabarmar ita ce gidansa."

Shi ne kuma ya yi mana karatun abin da ma'aikata ke kira tirafikin, wato ma'aikaci ya zama ɗan aiken fursuna, ya shigo masa da abin da aka hana ko ya fitar masa da saƙo. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya fara da wiwi ko waya ba. Da goro ake farawa. Da "ɗana, ara mini wayarka in ji muryar iyalina, minti ɗaya." Ranar da ka ba shi, ya riƙe ka, don yanzu ya san abin da zai iya kai ka gaban shugaba. Gobe zai nemi wanda ya fi shi, kuma ba roƙo zai yi ba. A nan na tuna tambayar Kawu ta biyu. Hanyar da doka ta tanada tana nan, akwai ofishin walwala, akwai ranar ziyara, can za ka kai kukansa. Ta fi jan lokaci, shi ya sa ake samun masu yanke.

Sauran darussan na takarda ne, kuma su ne suka fi yawa, abin da ba wanda ya zata. Dokar 2019 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta canza sunan hukumar, ta raba aikin gida biyu: tsarewa, da hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar yi wa al'umma aiki, ɗaurin talala, saki bisa sharaɗi, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Ta ba shugaban gida damar ƙin karɓar sababbin mutane idan wuri ya cika ya batse, bayan an sanar da babban jojin jiha. Ta hana karɓar wanda aka kawo da mummunan rauni, ko a sume, ko ƙaramin yaro. Ta ce wanda aka yanke wa hukuncin kisa, in ya gama ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 ta wuce ba a zartar ba, babban joji na iya mayar masa da shi ɗaurin rai-da-rai. Sai dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya guda 122 da aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda shi kansa ya yi shekara 27 a tsare. A ciki aka ce a raba maza da mata, manya da yara, wanda aka yanke wa hukunci da mai jiran shari'a. Namiji ba ya shiga ɓangaren mata sai da ma'aikaciya tare da shi. Ba a kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Mun haddace su kamar karatun allo saboda jarrabawa. Wani a bayan aji ya tambaya ko duk ana bin su, malamar ta ce, "Ka fara sanin yadda ya kamata, don in ka ga saɓaninsa ka gane shi."

Darasin da na fi kowa ci shi ne lissafin ranar fita, nan aikina na baya ya yi rana. Ba a karɓar mutum sai da waranti daga kotu, shi ne igiyar da ta ɗaure shi, ba katanga ba. In alƙali ya yanke wa mutum shekara 3, wata 36 ke nan. Wanda ya kiyaye doka ana yi masa rangwamen kashi ɗaya cikin uku, a cire 12, saura 24. Saboda haka kowane ɗaurarre na da rana biyu a littafi, ta kusa in ya yi hali nagari, da ta nesa in ya zubar da rangwamensa. Sai a duba ko hukunci biyu ne a haɗe suke tafiya ko ɗaya bayan ɗaya, da ranar da alƙali ya ce a fara ƙirgawa. Kuskuren kwana ɗaya laifi ne ta kowane gefe: ka saki mutum kafin ranarsa, ko ka riƙe shi bayan doka ta sake shi. Na ji daɗin wannan lissafi ƙwarai. Akwai farko, akwai ƙarshe, amsa ɗaya ce.

Kusa da ƙarshen horo aka rarraba mu gidajen yari don gwajin aiki. Abin da ya fara tarbata wari ne, na zufa da magani da hayaƙin kicin inda ake tuƙa gabza. Na biyu kuma gaisuwa. Dattijo mai furfura ya durƙusa yana ce mini "ranka ya daɗe," ni da ko aure ban yi ba. Akwai masu ɗinki, akwai kafintoci, akwai masu karatun jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ke da cibiyoyi a wasu gidajen. Kowane ɗaki kuma da shugabansa cikin su kansu, da dokokinsu na wanda zai kwana a ina.

A nan na gane ƙirgar da Kawu ke nufi. Ana ƙirga mutane da safe in an buɗe, ana ƙirgawa in za a miƙa aiki, ana ƙirgawa da yamma in za a kulle. Na ɗaki, na kicin, na asibiti, waɗanda koriyar mota ta kai kotu, duk sai sun haɗu sun ba da lambar da ke allon get. Rana ta huɗu da zuwana, da yamma, lamba ta ƙi cika. Mutum ɗaya babu. Aka sake, babu. Aka rufe get, ba mai fita, har ma'aikatan safe da suka riga suka rataya jakunkunansu. Wurin ya yi tsit, su kansu fursunonin sun daina hira, don sun san abin da ke biyo baya. Aka zaunar da su biyar-biyar, aka ƙirga na uku. Bakina ya bushe. Ina cikin laluben aljihu don in ciro hankici sai na ji takarda. Da azahar an fita da wani mai ciwon ciki zuwa asibitin gari da rakiya, aka ba ni 'yar takardar in kai a rubuta a allon ɗakinsu, wani ya kira ni a hanya, na cusa ta a aljihu.

Na fito na miƙa ta. Babban gandiroban gidan, wanda har yanzu tsofaffin fursunoni ke ce wa Yari, ya karanta, ya dube ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Minti arba'in ka tsare ma'aikata talatin da mutum ɗari huɗu." Sati guda ni ke rubuta allon, ni ke gogewa, yana tsaye a bayana.

Ranar faretin yaye mu Umma ta zo, ita da ƙanwata da Kawu. Hannuna bai bi ƙafata ba ko sau ɗaya. Da aka watse ta shafa kafaɗar kakin ta ce sitacin ya yi yawa, na rame, kuma Allah ya tsare. Kawu bai ce komai ba sai da ya duba but ɗina.

Aka tura ni wani gida mai nisan awa biyar daga garinmu, aka sa ni ɓangaren da ma'aikata ke kira ATM. Da farko na ɗauka zolaya ce, ashe taƙaicen Turanci ne na maza masu jiran shari'a. Nan ne ya fi ko'ina cika. A ƙasar nan kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, mun rubuta wannan a jarrabawa, amma ban taɓa kawo wa raina abin da yake nufi ga lissafina ba. Su ba su da ranar kusa, ba su da ta nesa. Babu abin da za ka raba uku.

A satina na biyu, ina kulle ɗakuna da yamma, wani mutum ya matso bakin ƙarfen. Zai yi shekara hamsin, manomi ne da ganin hannunsa. Ya ce an gaya masa sabon yallaɓai ya iya lissafin ranar fita, don Allah in duba masa tasa. Na tambayi sunansa da kotunsa, na ce sai gobe. Washegari na je ofishin ajiyar bayanai na nemi izini aka ciro warantinsa. Bayan takardar cike yake da ranakun ɗage zama, layi bayan layi, biro kala-kala, har an manna wata takarda an ci gaba. Ta farkon shekara huɗu ke nan. Na kwafi ta ƙarshe a tafin hannuna, na kuma rubuta sunansa a jerin da ofishin walwala ke tarawa don ranar da babban joji zai kawo ziyara.

Da yamma na same shi a inda na bar shi.

"Baba, ranar fita ba ta a takardarka. Ranar komawa kotu ce, sha bakwai ga watan gobe."

Ya ƙirga da yatsunsa, ya gyaɗa kai. "Allah ya kai mu. Na gode, ɗana."

Na tura ƙofar, na datse kwaɗon, na ja shi sau biyu, na ɗaga murya na ba na bakin get lambar ɗakin: sittin da uku.